Bakan Mama a Hannun Baba

Westby, Wisconsin
Ƙarshen watan Oktoba

Zuwa ga yayana Lowell,

Bayan gaisuwa mai yawa da girmamawa, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta iske ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Noreen da yara. Allah ya tsare ka a bakin tekun nan na Alaska inda kake yini cikin injinan jiragen masunta, ya sassauta maka ciwon gwiwar da Noreen ta ce yana sa ka tsaki duk safiya, ya kuma ba ka haƙurin zuwa wurin likita, don na san halinka, irin na Baba ne sak. Mu nan gida lafiya ƙalau muke, sai godiya.

Duane ya gama yanke masarar shanu kafin ruwan kaka ya jiƙa gona, abin da ya daɗe bai samu ba, don haka kwanan nan mijin nawa har karnuka yake yi wa fara'a. Gwaggo Ardis ta dawo daga asibiti da sabon ƙugu, tana takawa da sanda, bakin kuwa likitoci ba su taɓa shi ba, yana nan yadda ka bari. 'Yata Kirsten tana da juna biyu, haihuwa sai bazara in Allah ya kai mu, kuma tun yanzu ita da mijinta suna gardamar suna. Tuffa ta yi 'ya'ya bana har rassa na karyewa. Na dafa, na cika kwalabe, na raba a coci, har mutane sun fara sauya hanya in sun hango ni da kwando.

To, Yaya, abin da ya sa na zauna rubutu maimakon in ɗaga waya shi ne maganar Baba da farauta. Ka san wayar a kicin take, kujerarsa kuma na bakin ƙofa, kuma kurmancinsa mai zaɓe ne: in na ce ya sha magani ba ya ji, amma a ambaci sunansa cikin raɗa sai ka ga ya sauke jarida. Tun ranar da kuka yi sa-in-sa a watan Yuli, da ka ce mini in kwashe bakansa da kibansa in kulle, shi kuma ya fizge wayar ya ce maka ba a haifi wanda zai kulle masa kaya a gidansa ba, ba ku sake magana ba. Ban ga laifinka ba. Mutum mai shekara saba'in da takwas, wanda aka yi wa aiki a kafaɗa bayan ya zame a kan ƙanƙara, ba shi da abin nema a saman bishiya yana dakon barewa. Amma kai kana can, ni nake ganinsa safe da yamma, kuma ina so ka ji yadda abin ya kasance daga fari har ƙarshe.

Bayan wayar nan da 'yan kwanaki ya ɗauki babban bakansa, mai nauyin ja laba sittin da biyar, ya zagaya bayan rumfar shanu don kada in gani. Na gani ta tagar ɗakin madara. Ya ja, tsirkiyar ba ta ko kai rabin hanya ba. Ya sake gwadawa, sannan ya tsaya yana kallon bakan kamar wani ne ya musanya masa shi. Ya rataye shi, ya dawo baranda ya zauna, kuma zaman da ya yi ke nan. Ya daina aske gemu, ya daina zuwa shan kofi da abokansa, abinci sai ya tsakura ya ture. Tsoro ya kama ni ƙwarai. Na tabbata in kakar bana ta wuce bai shiga daji ba, ba zai ƙara shiga ba, kuma kujerar nan ce za ta cinye mana shi muna kallo. Na kawo masa maganar baka mai kunama irin ta bindiga, tunda doka ta yarda wa masu shekarunsa. Ya harare ni, ya ce wai wannan ai bindiga ce mai jin kunyar yin ƙara, shi kuwa bai lalace da har zai riƙa farauta da ɗan yatsa ɗaya ba.

Ina shanya bargunan ɗakin sama ne na ci karo da bakan Mama, a nannaɗe cikin tsohon zanen gado. Ka tuna shi, ɗan ƙaramin nan mai ruwan ƙasa, da ƙananan wili biyu a sama da ƙasa, da wayoyin ƙarfe, da sunanta Verna da ta rubuta da farin fenti a mariƙi. Nauyin jansa laba arba'in ne kacal, doka kuma talatin take nema. Ban ce wa Baba komai ba, na dai ajiye shi a kan teburin kicin na tafi tatsa. Da na dawo na tarar ya goge ƙurar da hannun rigarsa, yana juya wilin da babban yatsa. Ya ce wai bakan mata ne, kibiyarsa tafiyar hawainiya take yi, kafin ta isa barewa ta gama kiwo ta koma gida. Na ce masa ai da wannan tafiyar hawainiyar Mama ta sha cika mana firiza da nama, a shekarun da wani mai babban baka yake dawowa da labari kawai. Washegari da safe na ji shi yana aski.

Muka kai bakan shagon Gordy mai kayan farauta, wanda yanzu ya koma bayan gidan mai. Gordy ya ce rabonsa da ganin irinsa tun yana da gashi a ka. Ya ɗauki auduga ya bi hannuwan bakan da ita sannu a hankali, sannan wayoyin, don in akwai tsaga ko silin da ya tsinke audugar za ta maƙale. Ba ta maƙale ko'ina ba. Tsirkiyar kuwa ta bushe ta yi gashi, ya cire ta ya ɗaura sabuwa, ya murje ta da kakin zuma. Wilin ƙasa yana 'yar ƙara in an ja, irin wadda kunnen barewa ba ya yafewa, sai ya zare ƙusar tsakiyarsa ya wanke, ya goga mata bakin fensir maimakon mai, don kada barewa ta jiyo wari. Abin da na fi jin tsoro shi ne tsawon ja, don Mama gajeruwa ce. Gordy ya matsar da tsirkiya zuwa ramin ƙarshe na wilin, ya auna Baba, ya ce wai tsufa ya yi mana rabin aikin, Baba ya motse har ya kusa dawowa tsawon matarsa. Baba ya ce masa ai shi ma tumbinsa yana yi wa shagon rabin aikin, yana cike wurin da babu kaya. Kafin mu fito Gordy ya nuna mana notin nan biyu da ke riƙe hannuwan bakan, waɗanda in an ɗaure su nauyin ja ke ƙaruwa. Ya ce ya daidaita su a kan arba'in, kada kowa ya taɓa.

Maganar kibau ce ta fi cin lokaci. Baka mara ƙarfi sai da kibiya mai nauyi da za ta ratsa, da kan kibiya mai baki biyu wanda yake fara yanka tun daga tsini, ba na zamanin nan masu buɗewa ba, waɗanda sai an doka su da ƙarfi. Baba ya tono tsofaffin kibansa na alminiyam, ya mirgina kowace a kan teburin kicin, wadda ta yi rawa ya ware, sauran ya sake musu gashi. Kawunan kuwa yini yake yana wasa su a dutse yana gwadawa a gashin hannunsa, har hannun hagunsa ya koma sumul, Gwaggo Ardis ta ja ni gefe tana tambaya ko wata cuta ce muke ɓoye mata. Da yake kibiyar ba ta da sauri, barewa na iya jin ƙarar tsirkiya ta duƙa kafin ta iso, saboda haka ya ce in nemo masa zaren ulu. Na buɗe kwandon saƙar Mama, ja ne kawai ya rage. Ya ɗaura tuntu biyu a jikin tsirkiyar, ƙarar ta mutu, sai wani ɗan dum da ba ya wuce inda kake tsaye.

Watan Agusta ya yi mana daɗi, Yaya. Kullum bayan tatsar yamma sai ya fito ya harba 'yan kibau a damman ciyawa, ni kuma ina zaune a matakala ina ɓare wake, ina jin saukarsu ɗaya bayan ɗaya. Cin abinci ya dawo, tsokana ta dawo, ya koma zuwa shan kofi a gari. Can kuwa matsalar ta faro. Merle Haugen, aminin nan nasa tun firamare wanda ba ya ganin abu ya ƙyale, ya hango bakan a bayan mota da jan tuntunsa. Ya ɗauko shi ya shiga da shi cikin jama'a, yana tambaya wai wace yarinya ce ta manta kayan wasanta a motar Orrin. Wai in har da wannan bakan Baba zai fita, to ya haɗa da jakar hannu da ɗankunne su dace. Duane yana wurin, ya ce kowa ya yi dariya, Baba ma ya yi, amma wuyansa ya yi ja har cikin riga.

Ba a daɗe ba kibau suka fara sauka sama da inda ya nufa, suna kaɗa wutsiya a hanya. Ya ɗora laifin a kan iska, sannan a kan Gordy, sannan a kan allurar saiti ta jikin bakan, ya yi ta matsar da ita sama da ƙasa. Ni kuma na fara jin warin man zafi a cikin wanki. Wata rana yana barcin rana na ɗauki bakan, na ɗora kibiya na ja. Ni da nake jansa cikin sauƙi a watan jiya, ranar sai da na ciji leɓe. Na duba notin biyu, ga sabon karce yana ƙyalli a kansu, na sama har ya fi na ƙasa nutsewa. Ashe ɗaure su yake yi kaɗan-kaɗan a ɓoye, don ya mayar da bakan na maza. Raina ya ɓaci matuƙa. Na nufi ɗakinsa in tashe shi in zazzage masa, Duane ya tare ni. Ya ce in na yi magana zai musa, ya kuma ƙara ɗaurewa don haushi, gara in bar shi da gwajin farantin nan nasa, sanyi zai gaya masa abin da ba zai ji daga bakina ba. Na ƙyale shi, amma Allah ya sani duk jan da ya yi a kwanakin nan a kafaɗata nake jin sa.

Ba sai na tuna maka dokar faranti ba, kai da ta hana ka daji shekara guda kana ɗan sha huɗu. Ba mai shiga dajin Baba da baka sai ya zauna a kan bokiti da sassafe, cikin rigar sanyin da zai yi farauta da ita, ya jira har sanyi ya ratsa shi, sannan ya sa kibiya biyar cikin farantin takarda yana zaune, ba harbin ɗumama jiki. Shi ya kafa ta, kuma shi da bakinsa ya ce bana ma za a yi masa. Ranar da raɓa ta fara daskarewa a kan ciyawa muka fito, har da Merle, wanda ya zo kallo da kofi a hannu. Baba ya zauna cikin rigar ulunsa mai kauri, muka jira har yatsuna suka mutu. Ya ɗora kibiya, ya ja. Tsirkiyar ta zo wurin nan mai tauri, kafin wili ya juya nauyi ya sake, ta tsaya cak. Ya ɗaga bakan sama yana murɗa jiki, abin da ya sha make mana ƙeya a kai muna yara, jijiyar wuyansa ta fito, amma ta ƙi wucewa. Ya mayar da ita a hankali, ya ɗora bakan a cinya. A 'yar shara cikin zafin yamma yana iya jansa da ƙyar, amma a zaune cikin sanyi kafaɗar ta ce ba ta san zancen ba.

Merle ya buɗe baki zai saki wani barkwancin, na riga shi. Na ce masa Kawu Merle, tunda kai ne alƙalin bakan maza, ga bokiti ga baka, zauna ka nuna mana. Ya ce wai shi bayansa ne ke damunsa, ga kuma kofi a hannunsa. Na ce ya kawo in riƙe masa. Sai ga shi yana tsilli-tsilli da ido, ƙarshe ya amsa cewa shi kam ya daɗe da komawa baka mai kunama, a ƙarƙashin kujerar mota yake ɓoye shi. Baba bai yi dariya ba. Ya miƙe ya shiga ɗakin kayan aiki, ni kuwa na ɗauka rataye bakan zai yi kusa da babban, shi ke nan an gama. Sai ga shi ya fito da ɗan makullin noti a hannu ɗaya, tsohon ma'aunin madara mai ƙugiya a ɗayan. Ya miƙo mini makullin a gaban Merle, ya ce 'yar nan, mayar mini da shi inda Verna ta bar shi. Muka rataye ma'aunin a katakon rumfa, muka maƙala tsirkiya a ƙugiyar, Duane na ja ina sassautawa, sama da ƙasa daidai wa daida, daga hamsin da biyu har allura ta sauko kan arba'in. Merle ne ya riƙa karanta lambar da ƙarfi, don dai ya samu abin yi da bakinsa.

Kafaɗar ta kumbura, dole ya huta, har aka buɗe farauta muna gida muna jin motocin mutane suna wucewa da asuba. Bai yi ƙorafi ba ko sau ɗaya. Da kumburin ya saɓe ya gyara saitinsa, kibau suka koma tafiya sak, muka sake zaman bokiti a safiyar da ta fi ta farko sanyi. Wannan karon tsirkiyar ta zo masa har kunci ba tare da ya motsa kafaɗa ba, biyar ɗin duka suka shige faranti daga yadi goma sha biyar. Ya ce a matsar zuwa ashirin, huɗu suka shiga, ɗaya ta ɗan fita gefe. Ya kalle ta, ya ce to, iyakarsa sha biyar ke nan. Abin da zai kwantar maka da hankali kuma, shi da kansa ya sa Duane ya sauke kujerar nan ta saman bishiya. Suka jera damman ciyawa a bakin tsohon lambun tuffa, inda bareyi ke zuwa cin waɗanda suka faɗo, aka yi masa maɓoya a ƙasa, ya auna iyakarsa ya jera duwatsu a kewaye. Wata yamma wani ƙaton namijin barewa mai rassan ƙaho ya zo ya tsaya can bayan duwatsun, ya daɗe yana kiwo. Ina gefensa, Baba ko ɗaga bakan bai yi ba, sai haɗiyar yawu da na ji ya yi.

Ranar Asabar da ta wuce muka koma da la'asar, cikin kayan da muka ajiye a buhun busasshen ganye don warin gida ya fita. Iska tana kaɗowa ta fuskarmu. Rana ta kusa taɓa tudu sai ga wata barewa mace ita kaɗai, cikakkiya, ba ɗa a bayanta, ta fito daga cikin masarar maƙwabta. Tana tafe tana tsayawa, tana karkaɗa kunne, har ta ƙetare duwatsun. Baba ya jira sai da kanta ya shiga bayan gindin tuffa, sannan ya ja, a miƙe, a hankali, ko ƙaf ban ji ba. Ya riƙe. Ta fito ta ɗaga ƙafar gaba, haƙarƙarinta ya buɗe, ya saki. Ta yi tsalle ta faɗa cikin ƙaya, muka ji gudunta, sannan muka ji ya yanke. Na zabura zan tashi, ya danna gwiwata ya ce a ba ta lokaci, kamar yadda ya koya mana. A zaman nan ba abin da nake ji sai numfashinsa da bugun zuciyata. Da muka tashi muka tarar da kibiyar a kafe a ƙasa bayan inda ta tsaya, jini tun daga tsini har gashi, wato ta ratsa ta fita. Barewar kuwa tana kwance a ɗan kwarin nan na bayan lambu, ba ta yi nisa ba, ba ta kuma wahala ba.

Ya cire hula, ya durƙusa, ya ɗora hannu a wuyanta ya yi godiya ga Allah. Fiɗar ciki shi ya yi da wuƙarsa, ni ina riƙe ƙafafu. Daga nan ya zaro igiya daga aljihu ya ɗaura mata, ya rataya a kafaɗar mai lafiya, ya jingina jikinsa gaba. Ta ɗan motsa, ta tsaya, ga kuma tudu a gabanmu. Ya sake gwadawa. Ni kuwa na riga na shirya faɗan da za mu yi in ya yi na uku. Sai ya sauke igiyar, ya ɗaga kai ya kalli tudun har zuwa fitilar gida, ya yi 'yar dariya, ya miƙo mini bakin igiyar ya ce in je in kira Duane ya zo da tarakta. Yaya, tun da nake ban taɓa ganin wani ya ja wa Baba barewarsa ba, kai ma shaida ne. Ina hawan tudun ina share hawaye, kuma wallahi na daɗi ne.

Na soya zuciya da hanta da albasa kamar yadda aka saba. Merle ya zo ba gayyata, ya share faranti biyu, ya ce wai shi dama tun farko ya san bakan nan na da kyau, tsokana ce kawai. Baba ya ce masa ya ci a hankali, naman bakan mata ne, kada ya shaƙe shi. Tantaƙwashin baya an kai wa Gwaggo Ardis, sauran na firiza. Bayan sun watse ina wanke-wanke, Baba yana tsaye bakin tebur yana goge bakan, ya juya mini baya, sai ya tambaye ni ko zan rubuta Alaska kwanan nan. Na ce ina da niyya. Ya ci gaba da gogar bakan har na ɗauka maganar ta ƙare. Can ya ce in gaya wa Lowell lasisin da shi Baba ya yanka na harbin namijin barewa yana nan bai taɓa ba, ƙaton nan kuma bai bar unguwar ba, kuma wata mai kamawa ne mazan bareyi ke bin mata su manta da wayo. Ya ce in gaya maka harbi dai zai iya, jan barewa zuwa gida ne ya fi ƙarfinsa, Duane kuma yana da shanunsa, ba kullum zai bar tatsa ba. Wai maɓoyar ta ishi mutum biyu in ɗayan ba mai surutu ba ne. Daga nan ya ɗauki jaridarsa ya koma kurma. Ka san Baba, ka san abin da maganar nan ta ci masa kafin ta fito, kuma ka san rabonka da gida a lokacin kaka tun da muka binne Mama.

Ka gaishe mini da Noreen da kyau, ka ce mata na gode da hoton yara, yana manne a jikin firij. Ka gai da Tess da Anders, ka ce musu kilishin da ke cikin ƙunshin da na haɗo da takardar nan na barewar kakansu ne, kada ubansu ya cinye a wurin aiki. Duane yana gaishe ka, haka Kirsten da mijinta, Gwaggo Ardis kuma ta ce a gaya maka ta ga hotonka ka yi ƙiba. Gordy da Merle ma sun ce a miƙa gaisuwa. Allah ya tsare mana ku, ya haɗa fuskokinmu da alheri. Ban ce wa Baba za ka zo ba, ban kuma ce ba za ka zo ba, amma jiya na gan shi ya kai bokiti na biyu maɓoyar, ya ɗora masa matashi.

Ni ce ƙanwarka mai ƙaunarka kullum,
Marlys